Shin biyayya ga shugabanni ce ma'aunin sahihiyar aƙida a wurin mabiya Mormon?

Ɗalibar Addinai ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Na yi makonni ina karatu a kan cocin da aka fi sani da sunan Mormon, wato Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, wadda Joseph Smith ya kafa a jihar Niyok a shekarar 1830, kuma hedkwatarta a yau take birnin Salt Lake na jihar Yuta a Amurka. Akwai wani ƙulli da na kasa kwancewa, shi ya sa na kawo shi gabanku.

Na ci karo da maganganu biyu daga bakin manyansu waɗanda na rasa yadda zan daidaita su. Ta farko ta Wilford Woodruff ce, shugabansu na huɗu, a babban taron Oktoban 1890, lokacin da aka amince da sanarwar dakatar da auren mace fiye da ɗaya. Ya shaida wa jama'a cewa Ubangiji ba zai taɓa ƙyale shi, ko wani da ke riƙe da shugabancin cocin, ya ɓatar da su ba, kuma da zai yi yunƙurin haka, da Ubangiji ya kawar da shi daga matsayinsa. Ta biyu ta Dieter F. Uchtdorf ce, wanda a Oktoban 2013, yana ɗaya daga cikin mataimakan shugaban cocin, ya tsaya a gaban taro ya amsa cewa akwai lokutan da mabiya ko shugabanni suka yi kuskure, har aka faɗi ko aka aikata abubuwan da ba su dace da koyarwar cocin ba.

To idan shugaba ba zai ɓatar da jama'a ba, amma kuma yana iya yin kuskure, wa ke da hurumin nuna kuskuren tun ana cikinsa? Sannan da me ake gane mai sahihiyar aƙida a cikinsu, da abin da ya gaskata game da Allah da Almasihu da lahira, ko da yadda yake bin maganar na gaba? Ba ina neman a tabbatar mini da addininsu ko a rushe shi ba ne. So nake in fahimci yadda lamarin yake gudana a tsakaninsu.

Malam Mai Nazari ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Sai an fara duba yadda aka gina cocin kafin amsar ta zauna. A can sama akwai shugaban coci da mataimakansa biyu, sai majalisar manzanni goma sha biyu, kuma dukkan mutum goma sha biyar ɗin nan mabiya suna kiransu annabawa masu gani kuma masu karɓar wahayi. Ba a zaɓe, ba a kamfe. Idan shugaba ya rasu, manzon da ya fi kowa daɗewa a majalisar shi ke gadonsa. A ƙasa kuwa akwai shugabannin gundumomi da bishop-bishop na unguwanni, waɗanda ba albashi ake biyansu ba. Bishop yana iya zama likita ko akanta ko mai aikin famfo, a ɗora masa nauyin na wasu shekaru, sannan a sauke shi a ɗora wa wani.

Abin da ya raba su da yawancin coci-coci shi ne ba su da doguwar rubutacciyar aƙida wadda za a riƙa auna shugaba da ita. Joseph Smith ya taƙaita imaninsu cikin jimloli goma sha uku a 1842, kuma ta tara daga ciki ta ce Allah zai ci gaba da bayyana manyan al'amura a nan gaba. Ƙofar wahayi ke nan a buɗe take. Amma tun da wuri aka ga haɗarin barin ta a buɗe ga kowa. A Satumban 1830, cocin bai fi wata biyar da kafuwa ba, wani mabiyi mai suna Hiram Page ya ce shi ma yana samun wahayi game da cocin ta hanyar wani dutse, har wasu manya suka fara gaskata shi. Sai aka fitar da hukunci, wanda yake cikin littafinsu na Koyarwa da Alkawura har yau, cewa ba wanda aka naɗa ya karɓi umarni da wahayi domin cocin baki ɗaya sai Joseph Smith. Daga nan aka kafa ƙa'idar da suke kai: uba yana iya samun shiriya domin iyalinsa, bishop domin unguwarsa, amma domin dukkan coci sai shugaba shi kaɗai. A wani wuri cikin littafin an ce ko da muryar Ubangiji aka yi magana ko da muryar bayinsa, duk ɗaya ne.

Idan aka haɗa waɗannan biyu, wato koyarwa mai iya sauyawa da kuma mutum ɗaya mai ikon sauya ta, dole ma'aunin sahihanci ya koma kan biyayya ga shugaban da ke raye. Ezra Taft Benson ya fito da wannan ƙarara a jawabin da ya yi a Jami'ar Brigham Young a 1980, kafin ya zama shugaba, inda ya ce annabi mai rai ya fi annabin da ya rasu muhimmanci ga mabiya, har ma ya fi littattafai masu tsarki da ke hannunsu. Misalin auren mata da yawa ya isa shaida. A zamanin Brigham Young, shugabansu na biyu, mai mata uku mutumin kirki ne da ya amsa kira. Bayan sanarwa ta biyu ta hana shi da shugabansu na shida, Joseph F. Smith, ya yi a 1904, wanda ya ɗaura sabon aure irin wannan kora ce makomarsa, har manzanni biyu, John W. Taylor da Matthias F. Cowley, suka rasa kujerunsu a kan haka. Ƙungiyoyin da suka ɓalle suka riƙe tsohon tsari suna kafa hujja da maganganun shugabannin farko, amma a idon cocin 'yan ridda ne, domin sun fifita wanda ya rasu a kan mai rai.

Inda mabiyi na yau yake haɗuwa da wannan ma'auni shi ne a takardar izinin shiga haikali. Ɗakin ibadar ranar Lahadi a buɗe yake ga kowa, amma haikali, inda ake ɗaura auren da suka yi imanin zai ɗore har lahira, sai mai takarda. Duk bayan shekara biyu mutum zai zauna da bishop ko mataimakinsa, sannan da shugabannin gunduma, a yi masa tambayoyi. Akwai na imani da Allah da Almasihu, amma a taƙaice suke, ba a tonon yadda mutum ya fahimci kowace mas'ala. Sauran a kan aiki suke: yana fitar da ushirin abin da yake samu, yana nisantar giya da taba da kofi da shayi, yana tsare kansa daga zina, yana mara wa shugaban coci baya a matsayin annabi, kuma ko yana goyon bayan wata koyarwa da ta saɓa wa ta cocin. Saboda haka za ki sami mutum biyu a layi ɗaya a coci, ɗaya ya yarda da abin da masana kimiyya suka faɗa game da shekarun duniya, ɗaya bai yarda ba, kuma dukansu suna da takarda. Wanda zai rasa ta shi ne wanda ya fito fili ya ja da shugabanni.

Sai dai zalunci ne a tsaya a nan, domin akwai wata jijiya ta biyu da ta faro tun daga tushe. An ruwaito Joseph Smith yana cewa annabi annabi ne kawai a lokacin da yake aiki a matsayin annabi. Brigham Young da kansa ya nuna fargabar kada jama'a su dogara da shugabanni har su daina tambayar Allah da kansu ko shiriyarsa ake bi da su. A 1945 wata mujallar cocin ta buga saƙon da ke cewa idan shugabanni suka yi magana, to an riga an gama tunani. Da wani limamin wani cocin daban a Salt Lake ya rubuta wasiƙa yana nuna damuwarsa, sai shugaban wancan lokaci, George Albert Smith, ya amsa masa cewa wannan ba matsayin cocin ba ne. Abin lura shi ne kuskuren an buga shi a mujallar da ta shiga gidajen mabiya, gyaran kuwa a wasiƙa ya tsaya zuwa ga mutum ɗaya wanda ba ma ɗan cocin ba ne. A ganina wannan ya nuna wace jijiya ce ta fi ƙarfi a aikace.

Tsohuwar Ɗalibar Yuta ta amsa:

'Yar'uwa, bayanin Malam ya yi daidai da abin da na gani, amma ina so in ƙara yadda abin yake daga cikin gida, domin na zauna shekara biyu da wani iyali na Mormon lokacin da nake karatu a Yuta.

Sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba, ake babban taronsu, kuma yawancin mutane a talabijin suke kallo. A wani zama na taron akan karanto sunayen shugabanni, a ce wanda ya amince ya ɗaga hannun dama. Ina zaune a falo na ga maigidan da matarsa da 'ya'yansu huɗu, har da ƙaramar da ba ta fi shekara biyar ba, duk sun ɗaga hannu suna fuskantar akwatin talabijin, alhali ba mai ganinsu, ba mai ƙirga hannuwan. Da na tambayi uwargidan daga baya, sai ta ce mini wannan ba ƙuri'a ba ce, alkawari ne take sabuntawa cewa za ta taimaka wa waɗannan mutane da addu'a da aiki. Kalmar da ta zo mini a rai a lokacin ita ce mubaya'a. Ana kuma tambayar ko akwai mai adawa, amma wanda ya ɗaga hannu a nan, abin da ake ce masa shi ne ya je ya ga shugaban gundumarsa.

Wata rana bishop ya kira ta ya ce an zaɓe ta ta shugabanci ƙungiyar matan unguwar, aiki mai cin lokaci ƙwarai, ga goyo a hannunta, ga mahaifiyarta ba lafiya. Ta dawo gida idonta ya yi ja, ta shige ɗaki. Bayan kwana biyu ta karɓa. Na ce mata me ya hana ta ba da uzuri, tunda uzurin a fili yake. Ta ce ta yi addu'a ta sami natsuwa, kuma da ba ta samu ba da ta koma ta gaya wa bishop halin da take ciki. Na gaskata ta. Abin da nake so a gane shi ne su a wurinsu ba sa jin cewa mutum suke bi. An koya musu tun suna yara cewa kowa yana da haƙƙin ya roƙi Allah ya tabbatar masa da maganar shugaba ta hanyar Ruhu Mai Tsarki, don haka idan suka bi, suna ganin shaidar zuciyarsu suka bi. Na san za a ce to idan addu'ar ta ba da amsar da ta saɓa wa shugaba fa, kuma tambaya ce mai nauyi, domin sau da yawa shawarar da ake ba irin wannan mutum ita ce ya koma ya sake addu'a.

Kada kuma a ɗauka jama'ar kamar tumaki suke. A 1933 shugabansu Heber J. Grant ya roƙe su kada su goyi bayan soke dokar haramta giya a Amurka, amma Yuta ce jiha ta 36 da ta amince, wadda da ita aka cika adadin da ake bukata. A Agustan 2021 shugabannin suka fitar da sanarwa suna kira da a yi rigakafin korona a kuma sa takunkumi, shugaban lokacin, Russell M. Nelson, likitan tiyatar zuciya ne ma, amma mabiya da yawa daga cikin masu ra'ayin riƙau, waɗanda suka saba zargin wasu da rashin biyayya, suka ce sun yi addu'a sun ga wannan shawara ce kawai ba umarni ba. Ba a kore su ba.

Dattijon Zaure ya amsa:

'Yata, kin yi tambaya mai kyau, kuma ni sashenta na farko ya fi tsaya mini a rai, wato wa ke da hurumin nuna kuskure tun ana cikinsa. Ina girmama abin da Malama ta gani da idonta, amma tarihin wannan coci ya amsa tambayar, kuma amsar ba mai daɗi ba ce.

Daga 1852, a zamanin Brigham Young, aka hana baƙar fata 'yan asalin Afirka matsayin firist, wanda a wannan coci kusan kowane namiji mai biyayya yake samu tun yana matashi, aka kuma hana maza da matansu ibadun haikali. Alhali a zamanin Joseph Smith an naɗa wani baƙar fata mai suna Elijah Abel. Fiye da shekara ɗari da ashirin ana kan wannan, manyan shugabanni suna kawo dalilai, wasu su ce la'anar Kayinu ce, ɗan Adamu da ya kashe ɗan'uwansa, wasu su ce rayukan baƙaƙe ba su yi ƙwazo ba tun kafin a haife su. A Oktoban 1977 wani mabiyi mai suna Byron Marchant, wanda ke kula da yara 'yan sikawut a Salt Lake, ya nuna adawarsa a babban taro saboda wannan hani, aka kore shi daga cocin a cikin watan. Bayan wata takwas, a Yunin 1978, shugaba Spencer W. Kimball ya sanar da wahayin da ya ɗage hanin. A Agustan shekarar, manzo Bruce R. McConkie, wanda ya yi rubuce-rubuce yana kare hanin, ya gaya wa malaman cocin su manta da duk abin da shi ko Brigham Young ko wani ya taɓa faɗa wanda ya saɓa wa sabon wahayin, domin da ƙarancin fahimta suka yi magana. A Disamban 2013 cocin ya wallafa bayani yana nesanta kansa daga dukkan waɗancan dalilai. Ke nan wanda ya ƙi yarda da su a 1977 ɗan tawaye ne, wanda ya riƙe su a 2014 ya saɓa wa matsayin cocin, kuma a tsakani ba abin da ya sauya game da baƙar fata sai maganar shugabanni. Akwai mutane a kudancin Nijeriya da Gana da suka karanta littattafan cocin suka kafa ƙananan ikilisiyoyi da kansu, suka yi shekaru suna aika wasiƙu zuwa Salt Lake suna jiran a zo a yi musu baftisma, ba a yi ba sai a ƙarshen 1978. Su ma suna cikin waɗanda suka biya kuɗin wannan jinkiri.

Ba tsohon labari ba ne kawai. A Satumban 1993 an hukunta marubuta da masana shida cikin wata ɗaya, biyar aka kore su, ɗaya aka dakatar da ita. Cikinsu akwai D. Michael Quinn, masanin tarihin da ya nuna da takardu cewa an ci gaba da ɗaura auren mata da yawa a ɓoye bayan 1890 da sanin wasu manya, da kuma Lavina Fielding Anderson, wadda ta tattara bayanan yadda wasu shugabanni suka matsa wa masu ilimi. Ita wannan baiwar Allah ba ta daina zuwa coci ba, shekara da shekaru tana zama a cikin jama'ar unguwarta ba tare da 'yancin karɓar jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ruwan da ake rabawa a ibadar Lahadi. A 2019 ta nemi a sake yi mata baftisma, shugabanninta na kusa suka goyi baya, amma daga sama aka ƙi. Sannan a Nuwamban 2015 aka sa dokar hana yi wa 'ya'yan masu auren jinsi baftisma har sai sun kai shekara 18. A Janairun 2016 Nelson, yana shugaban manzanni, ya bayyana ta a matsayin nufin Ubangiji da aka saukar, a Afrilun 2019 kuma, yana shugaban coci, aka janye ta. Ba ra'ayina game da auren jinsi nake faɗa ba. Abin da nake nunawa shi ne cikin shekara uku da rabi an kira sa doka wahayi, an kuma danganta cire ta ga shiriyar Ubangiji, mabiyi kuwa ana sa ran ya amince da duka biyun.

Mafi munin abin da biyayya ta haifar a tarihinsu shi ne kisan Mountain Meadows a kudancin Yuta, ranar 11 ga Satumba, 1857, inda mayaƙan sa-kai na Mormon suka hallaka matafiya kusan 120 da suka taso daga jihar Arkansas, suka bar ƙananan yara 17 kawai. Waɗanda suka ba da umarnin su ne shugabannin cocin yankin, su ne kuma hafsoshin rundunar. Wasiƙar Brigham Young da ke cewa a bar matafiyan su wuce ta iso bayan an gama. Mutum ɗaya, John D. Lee, aka zartar wa hukuncin kisa, shi ma sai a 1877, kuma a 2007 manzo Henry B. Eyring ya je wurin ya bayyana matuƙar nadamar cocin. Muna cewa bin na gaba bin Allah, amma yawancin mutanen da suka ɗauki bindiga a ranar manoma ne masu iyali, kuma na gaba suka bi.

Ɗalibar Addinai ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malam da Malama. Yanzu na ga cewa maganar Woodruff da ta Uchtdorf suna iya zama tare ne domin ana amsa kuskuren da ya wuce, ba a yarda a nuna wanda ake ciki ba. Amma har yanzu akwai abin da ya rage mini. Malama ta ce waɗanda suka ƙi rigakafi ba a taɓa su ba, Baba kuma ya kawo waɗanda aka kora. Ina ainihin iyakar take? Akwai rubutacciyar ƙa'ida, ko kuwa ya danganta da wanda ke riƙe da hukunci?

Malam Mai Nazari ya sake amsawa:

Akwai ƙa'ida a rubuce, Malama. Kundin tafiyar da cocin ya fassara ridda da cewa mutum ya riƙa fitowa fili, da gangan, a kai a kai, yana adawa da cocin ko koyarwarsa ko shugabanninsa, ko ya nace da koyar da abin da ba koyarwar cocin ba bayan an yi masa gyara. A Yunin 2014, kwanaki kaɗan bayan an kori Kate Kelly, lauyar da ta kafa ƙungiyar neman a naɗa mata firistoci, shugabannin suka fitar da sanarwa cewa yin tambaya kawai bai taɓa zama ridda ba. Don haka iyakar tana wurin da shakka ta fita daga zuciya ko daga ofishin bishop ta koma tara jama'a. Wanda ya ƙi rigakafi ya yi shiru a gidansa bai ƙalubalanci ikon kowa ba. Kelly kuwa ta jagoranci mata zuwa harabar babban taro suna neman a bar su shiga zaman maza. Haka Sam Young, tsohon bishop, wanda aka kora a 2018 bayan gangamin da ya yi na neman a daina yi wa yara tambayoyin da suka shafi jima'i a keɓe, duk da cewa a shekarar cocin ya ba da damar wani babba ya zauna tare da yaro a lokacin ganawar. Dallin H. Oaks, ɗaya daga cikin manzanni a lokacin, ya faɗa a wata hira da aka nuna a 2007 cewa kuskure ne a soki shugabannin cocin ko da sukar gaskiya ce, kuma dalilinsu shi ne suka a bainar jama'a tana raunana amincewar da aikin ya dogara a kanta.

Matsalar da nake gani, kuma a nan ina tare da Baba, ita ce hanyar cikin gida gajera ce. An umarci mabiyi ya kai damuwarsa ga bishop ko shugaban gunduma, wasiƙar da ya aika hedkwata ma akan mayar da ita gare su. Su kuwa ba su da ikon sauya komai da ya shafi cocin baki ɗaya, kuma halayensu sun bambanta, wani ya saurara da haƙuri, wani ya karɓe takardar haikali a zama ɗaya, har mutum ya tsaya a waje ranar ɗaurin auren 'yarsa. Littafinsu da kansa ya yi gargaɗi a kan wannan. A wasiƙar da Joseph Smith ya rubuto daga kurkukun Liberty a 1839 an ce ɗabi'ar kusan dukkan mutane ce da zarar sun sami ɗan iko su fara mulkin zalunci, kuma ba a riƙe ikon firist sai da lallashi da haƙuri da tawali'u da ƙauna ta gaskiya. Mabiya suna karanta wannan sosai, amma galibi a kan miji ko bishop suke ɗora shi, da wuya su kai shi sama. A 2020 an sauya kalmomin hukunci, aka daina cewa kora aka koma cewa janye zama mamba, sai dai abin da ke jawo hukuncin yana nan yadda yake.

Tsohuwar Ɗalibar Yuta ta ƙara da cewa:

Baba, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka kawo ba. Uwargidan da na ba da labarinta ta kira ni a waya a makon da aka janye dokar 2015. Sai a ranar ta gaya mini cewa tun da aka sa dokar zuciyarta ba ta taɓa amincewa da ita ba, domin akwai yara biyu a danginsu da ta shafa. Ta gaya wa mijinta, ta gaya wa bishop sau ɗaya a ofishinsa, shi kuma ya ce shi ma abin yana damunsa, su ci gaba da addu'a. A cikin waɗannan shekaru an yi babban taro sau shida, kuma kowane karo ta ɗaga hannunta. Na tambaye ta ko tana ganin shirun da ta yi daidai ne. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ɗaya daga cikin yaran an yi masa baftisma daga baya, ɗayar kuwa iyayenta sun riga sun bar cocin da ita.